Da digirin falsafa na nemi aikin bankin zuba jari

Ranar da na kawo takardar digirina na biyu gidanmu a Ƙofar Marusa, Baba ya juya ta gaba da baya, ya sa mini albarka, sannan ya ce, "To, wannan falsafar taka, wa ke sayenta?" Mutum ne da ya tsufa yana sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Katsina. Ban da amsa a ranar.

Burina bankin zuba jari ne, masu taya kamfanoni da gwamnatoci tara kuɗi a kasuwar hannun jari. Kusan duk suna Legas. Na aika takardu wurare da yawa, shiru kake ji. Abin da ya fara kayar da ni shekaru ne: bankuna da dama kan sa iyakar 26 ko 27 ga sababbin ɗauka, ni kuwa karatun da yajin aiki sun riga sun cinye mini su. Da ƙyar aka kira ni ganawa sau ɗaya. Matar da ke jagorantar zaman ba ta ko kalli digirin ba. Cewa ta yi, in darajar injin kamfani ta ragu da naira 10, ina da ina abin zai taɓa a littattafan kuɗinsa? Gumi ya karyo mini duk da sanyin ɗakin. Na yi niyyar kawo George Soros, hamshaƙin mai zuba jari wanda ya yi falsafa a Landan a hannun malamin falsafa Karl Popper, amma na gane ba abin da ta tambaya ba kenan.

Na dawo gida na zauna. Wata takwas ina koyon manhajar lissafi ta Excel da lissafin akanta, da dare a shagon Baba, ina gwaji da littafin bashinsa. Na ci matakin farko cikin matakai uku na CFA, wato jarrabawar ƙwararru kan harkar zuba jari. Ita ta buɗe mini ƙofa a wani ƙaramin kamfani.

Sai da na shiga ciki falsafar ta nuna kanta. Tun da gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, wannan harka ta samu kasuwa. A sukuk na ijara, masu zuba kuɗi haya suke karɓa a kan kadara, don haka dole a fayyace me suka mallaka, kuma tun yaushe. Wata rana aka ajiye mini daftari mai kauri. A wani shafi an ce hayar za ta fara ranar biyan kuɗi, can gaba an ce sai an miƙa kadarar. Idanu da yawa sun wuce ta kai. Ni na tsaya, domin shekara biyu aka yi ana hora ni a kan mantiƙi, wato kada in bar magana ta ci karo da 'yar'uwarta. Shugabana ya kira lauyoyi a daren.

Da na je sallah, ƙanwata mai shirin gama jami'a ta ce, "Yaya, in bi sahunka?" Na ce ta fara neman aikin tun shekarunta ba su wuce ba, ta riƙe akanta da kyau, falsafar ta karanta ta da dare. Baba na gefe yana jan carbi, ya ce in zo in duba masa littafin bashi kafin in koma Legas.