Yaron da Malam ya turo mini

Talata, Gadarif, Sudan.

Da aka idar da sallar asuba Malam ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci bai saki ba, na san da magana. Wai yana da yaro guda da yake so in karɓa a shago.

Halwar Malam, wato makarantar allonsa, da can almajirai ne kawai da allunansu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023, Madani kuma ta bi baya a Disambar shekarar, garin nan ya cika da 'yan gudun hijira, har da samarin da ba mai son ba su masauki. Su ne Malam ya ware wa ɗaki. Sallah a jam'i, karatu bayan magariba, da rana kuwa dole kowa ya kama sana'a, don a cewarsa tuba da yunwa ba sa daɗewa a ɗaki ɗaya.

Na tambayi aikin yaron a da. Bai ɓoye mini ba: tis'a ɗawila, masu fizgen waya a kan babur, ɗaya na tuƙi ɗaya riƙe da wuƙa. Na juya masa bayan hannuna ya ga tabon da irinsu suka bar mini a kudancin Khartum a 2022. Malam ya duba, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ƙarfe takwas yaron zai zo.

Bakwai da rabi na tarar da shi tsugune a bakin shago. Siriri, bai wuce shekara ashirin ba, ɗan unguwar Mayo ta Khartum, Hausarsa rabi Larabci. Kakansa daga Mai Wurno yake, garin Hausawa da Fulani a nan Sudan, ashe ma na gida ne. Na ba shi angarib, wato gadon igiya, da aka kawo gyara ya kwance tsohuwar igiyar. Hannun nan akwai sauri, ban so na tuna inda ya koyi saurin ba. Abin da na lura, ba ya ba ƙofa baya. Ya ja gadon har sai da bango ya koma bayansa, kuma duk babur ɗin da ya wuce sai yatsunsa sun tsaya cak.

Da hantsi ƙusa ta ƙare. Na yi ta juya abin a raina, daga baya na ƙirgo kuɗi na miƙa masa, wai ni mai gwada mutum. Ya kalli kuɗin, ya maida hannuwansa baya.

"Kawu, kada ka ba ni kuɗi tukuna."

Na ce me ya sa? Ya ce a hanyar kasuwa akwai mai sayar da ƙwaya, sun san juna, kuma kwanansa arba'in da ɗaya rabonsa da ita. Ƙirgawa yake yi. Kunya ta kama ni. Tare muka tafi, ni da kuɗi, shi da buhu, muka zaga ta bayan kasuwar amfanin gona inda ake jibge riɗi, hanya ta ninka.

Da dare na ba 'yata labari, ita da ba ta rabuwa da waya. Ta ce ai a Amurka akwai wani limamin Katolika, Greg Boyle, da ya fara irin wannan a Los Angeles tun 1988, har ya buɗe wa tsofaffin 'yan daba gidan burodi, ana kuma goge musu zanen jiki don su samu aiki. Na ce namu Malamin ba shi da gidan burodi, ni ne gidan burodin nasa.

Mai ɗakina dai ba ta yarda ba. Ta ce in daina barin wayata a kan benci, kuma ban musa mata ba, don yau ma a aljihu ta yini. Amma ta ƙara kisra biyu, gurasarmu ta nan, a kwanon da zan tafi da shi gobe. Kuɗin aikinsa na yau na kai wa Malam bayan isha'i, kamar yadda yaron ya roƙa.