Yadda na kashe injin V8 ɗina a ranar da na tada shi

Samarin da ke turo min hotunan tsofaffin motocin Amurka kuna cewa ku ma wata rana sai kun haɗa irinsu, to ku matso ku ji yadda tawa ta kaya. Ni dai a gareji na tashi a Kano, an aike ni Ƙofar Ruwa sayen kayan gyara ya fi a ƙirga, shi ya sa da zama ya kawo ni Texas na samu tsohon injin Chevrolet 350 a wajen masu yanka motoci sai nake ganin ai wannan wasan yara ne. Injin da asalin tsarinsa tun 1955 yake, shi 350 ɗin ya fito a 1967, lita 5.7, ba kwamfuta ba sansa, daga kafireta sai distiributa. Na ce haba, wanda ya sauke injin Fijo ya mayar ai ba zai tsaya tambaya ba.

Tun ban gama kwance shi ba na riga na kashe kuɗina a kan abubuwa biyu, ƙaton kamshaf, wato kam, sandar nan mai ƙulli-ƙulli da ke buɗe bawul, da ƙatuwar kafireta, kuma wallahi ba don wani lissafi ba, ƙarar nake so, wannan gurnanin da inji ke yi a silo kamar zai mutu bai mutu ba. Wani dattijo maƙwabcina da ya tsufa a harkar ya leƙo ya ga kwalayen, ya tambaye ni wane mai zan zuba ranar tashin farko, na ce mai ai mai ne Baba. Bai ce komai ba ya koma gidansa.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Tsofaffin injinan nan tafet ɗinsu, wato ɗan ƙarfen da ke zaune a kan ƙullin kam yana tura bawul, mai shafaffen ƙasa ne, ba mai ɗan taya ba irin na injinan baya-bayan nan, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe kai tsaye da duk nauyin sifirin ɗin bawul a kansa. Kuma dole kowane tafet ya riƙa juyawa a raminsa yana aiki, in ya tsaya wuri guda ya fara cin ƙullin kam ke nan. Man da ke isa wajen kuwa yawancinsa wanda karanshaf ke watsowa ne, in inji na silo kaɗan ne ke zuwa. Shi ya sa sabon kam ake tada shi a ɗaga totur nan take zuwa juyi 2,000 ko 2,500 a minti, a riƙe shi minti 20 zuwa 30 ana ɗan hawa ana sauka, da bakin mai mai sinadarin zink da yawa, wanda suke kira ZDDP. Man zamani an rage masa zink ɗin saboda yana lalata matatar hayaƙin da ke cikin salansar sabbin motoci. Ni kuwa na zamanin na zuba, mai tsada ma, ina ta alfahari.

Sannan na saka distiributa a juye. Fistin na ɗaya yana hawa sama sau biyu kafin zagaye ya cika, ɗaya na matse iska ɗaya na fitar da hayaƙi, ni na ga maki ya zo daidai kawai na zura abina ban toshe ramin filogi da yatsa na ji iska na turowa ba. Aka yi ta ba shi kiy yana tari yana harbo wuta ta kafireta, batir ya mutu muka sa wani, duk wannan juyin banzan yana share man shafawar da na lafta wa kam ɗin. Da na gano na gyara ya tashi, murna ta sa na bar shi a silo ina ɗaukar bidiyo ina tura wa 'yan gida. Ku ji fa, a silo.

Ba a yi sati ba ya fara ƙas-ƙas a sama, na ɗaure bawul ya yi shiru, washegari ya dawo. Na buɗe murfi ana juya inji sai na ga roka ɗaya, wato ɗan hannun da ke danna bawul, da ƙyar take motsi. Da na juye man a faranti na fita da shi rana sai ƙyalli yake kamar an zuba masa garin azurfa. Ƙulli biyu sun shafe, kuma garin ƙarfen nan bai tsaya nan ba, ya bi mai ya shiga metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a ciki, ya karce karanshaf, dole komai ya sauko a wanke kowace hanyar mai da buroshi, kuɗin da na kashe a karo na biyu har yau ban faɗa wa uwargida adadinsa ba.

A haɗi na biyu dattijon nan ya zauna min a kan kujera yana kallo, ni kuma na ajiye girman kai. Mun auna tazarar metal da ɗan zaren roban nan Plastigage, muna neman wajen 0.002 na inci. Kowane ring sai da muka sa shi cikin silindarsa muka auna bakinsa, tunda faɗin silindar inci 4 ne ana son kamar 0.016 ko sama kaɗan, in ya matse ya yi zafi bakin ya haɗe sai ya fasa fistin. Notin kan silinda muka ɗaure da sifana mai awo, 65 a ma'aunin ft-lb, daga tsakiya zuwa waje a hawa uku, ba irin ɗaurin da muka saba na sai ka ji hannunka ya ce ya isa ba. Kafin tashi muka juya famfon mai da dirila har mai ya fito a kowace roka, muka cika kafireta da fetur, muka bi wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya, 1-8-4-3-6-5-7-2, kuma muka raba wayar 5 da ta 7 don suna jere kuma suna bin juna a wuta, in sun manne sai wuta ta tsallaka. Kiy ɗaya ya kama. Minti 25 ina tsaye da tiyon ruwa a gaban lagireto, idona a kan agogon zafi, ƙafata na rawa.

Kafiretar ma ashe ta yi masa yawa. Lissafin yawan iskar da za ta wuce ta cikinta a minti ba wuya, girman inji sau juyin da za ka kai a raba da 3,456, wato 350 sau 5,500 in an raba bai ma kai 560 ba, ni kuwa kafireta mai 750 na sayo, shi ya sa in na taka sai ya yi luuu kafin ya ɗauka. Na koma mai 600, kam ɗin ma na sa matsakaici don babban yana rage zuƙar iskar da birki ke dogaro da ita, taimin wuta muka tsayar a digiri 34 in an ɗaga totur. Gurnanin ya ragu gaskiya, wani lokacin ina kewarsa. Mai 750 ɗin tana nan a kwalinta a saman shelf, in akwai mai injin da ya kai ya sha ta ya yi magana, zan yi masa sauƙi.