Ashe aikin insulin bai tsaya kan suga ba

Tun ina ƙarama abin da na sani game da insulin shi ne allurar da Gwaggo take yi wa kanta kafin cin abinci saboda ciwon suga, shi ke nan. Sai da na fara aiki a lab inda muke rainon ƙwayoyin halitta a faranti na ga wata fuskar tasa, kuma wallahi har yanzu abin yana ba ni mamaki.

Su ƙwayoyin nan a inkubeta, wato akwatin ɗumi, suke zama, zafi digiri 37, cikin wani jan ruwa da ake haɗa masa siram, wato ruwan da ke saura bayan jini ya daskare, na ɗan maraƙi kashi 10 cikin 100. In ka janye siram ɗin sai su yi cak, ba su mutu ba amma rabuwa ta tsaya. To ranar nan na zuba insulin a rabin farantan na bar rabi, bayan kwana biyu da na zo ƙirgawa ai tun kafin na leƙa madubin ganin ƙananan halittu na ga ruwan masu insulin ya fara komawa ɗorawa, alamar sun ci suga sosai sun zubo asid, kuma da na ƙirga sun fi yawa ƙarara.

Yadda abin yake, insulin yana kama wata ƙofar karɓar saƙo a bayan ƙwayar, daga nan saƙon ya rabu, wata hanya da ake kira Akt ta ce a ci a gina furotin a ƙara jiki, wata hanyar kuma mai suna MAPK ta tura ta ga kwafar DNA da rabuwa biyu. Shi ya sa tun shekarun 1970 da masana irin su Gordon Sato suka nemi raino ba siram, insulin na cikin abubuwan farko da suka ga ba makawa, har yau muna siyan haɗin nan na ITS, wato insulin da transferrin, furotin mai ɗaukar ƙarfe a jini, da selenium, wani ma'adini.

Amma ga inda nake so a fahimce ni, don abin ya dame ni. Muna zuba insulin maikrogiram 5 zuwa 10 a mililita ɗaya, wannan ya ninka na jinin mutum sama da sau dubu, kuma in ya yi yawa haka sai ya tsallaka ya kama ƙofar wani sinadari ɗan uwansa mai suna IGF-1, wanda shi ne asalin mai aikin girma. Kenan da yawa daga rabuwar da nake gani ta can ta biyo. Na faɗi haka ne don wani ya turo wa Gwaggo saƙo a WhatsApp wai insulin na hayayyafa ƙwayoyi don haka yana jawo ciwon daji, har ta kwana biyu tana jinkirta allura. Na zauna na ce Gwaggo farantina daban jikinki daban, don Allah kar ki bari sai likitanki ya ce. Ta ce to 'yar nan, ta miƙo hannu na ba ta allurar.

Sati mai zuwa zan rage insulin ɗin farantan zuwa daidai na jini in sake ƙirgawa.