Daga ganuwar Golkonda zuwa kufan Hampi

Jinyar kawuna ce ta kai ni Haidarabad, kamar yadda take kai mutanenmu da yawa biranen kudancin Indiya. Da aka gama aiki, likita ya ce sai an jira kafin a cire zare, Kawu ya dube ni daga kan gado ya ce, "Kai ɗan nan, zaman gadina za ka yi ta yi? Ga ƙaninka nan, tashi ka je ka ga ƙasar mutane." Ban bari ya maimaita ba.

Golkonda na fara nufa, a yammacin birnin. Tun daga ƙofar Fateh Darwaza mutum zai san ba don ado aka yi ginin ba: ƙyauren cike yake da tsinin ƙarfe, don kada giwayen yaƙi su tunkuɗe shi da goshi. A ƙarƙashin wata kubba ta mashiga na tarar da 'yan makaranta suna ta tafi. Ashe idan aka tafa a daidai wurin, ƙarar takan kai har can ƙololuwar dutsen, inda zauren sarki yake. Da haka masu gadi suke sanar da zuwan baƙo ko abokin gaba. Na haura matakala sama da 300 cikin rana, numfashi na neman gagarata. Dab da ƙoli akwai masallacin Sarki Ibrahim, ɗaya daga cikin sarakunan Golkonda, ga kuma ɗakin bautar Hindu kusa da shi, mata na shiga da furanni.

Sarakunan gidan Ƙutub Shahi ne suka yi mulki a nan, kuma a kasuwar garin ake cinikin lu'ulu'un da ya sa sunan Golkonda ya zaga duniya. A 1687 Aurangzeb, sarkin daular Mughal, ya yi wa ganuwar ƙawanya wata takwas bai fasa ta ba, sai da wani na ciki ya buɗe masa ƙofa.

Da yamma na sauka tafkin Husain Sagar, wanda Ibrahim ɗin ya sa aka haƙa a 1563. Daga nesa gwanin sha'awa, da gunkin Buddha mai tsayin mita 18 a tsakiyarsa. Daga kusa kuwa ruwan yana wari, don haka ban shiga kwalekwalen ba. Na sha shayi a gefen titi na koma asibiti.

Wani dattijo mai sayar da littattafai kusa da Charminar, tsohon ginin nan mai hasumiya huɗu a tsakiyar Haidarabad, ne ya ce in har ina son labarin Ibrahim, to in je Hampi. Kafin ya hau gadon sarauta, Ibrahim ya gudu daga ɗan'uwansa, ya yi shekara bakwai yana fakewa a Bijayanagara, daular Hindu mafi ƙarfi a kudu, ƙarƙashin inuwar Rama Raya, mai riƙe da mulkinta. A 1565 kuma yana cikin sarakunan Musulmi na Dakkan, wato yankin da Golkonda take, da suka haɗa kai suka yaƙi mai masaukin nasa a Talikota. Aka kashe Rama Raya, aka yi watanni ana wawashe babban birninsa. Kufan birnin nan shi ne Hampi.

Motar dare ta sauke ni a Hosapete da asuba, Keke Napep ya ƙarasa da ni. Abin da ya fara kama idona duwatsu ne, manya-manyan curarru a ɗore kan juna, irin na Dutsen Jigawa, sai dai a nan ba su da iyaka, ga gonakin ayaba da kogin Tungabhadra na ratsa su.

Haikalin Birupaksha bai taɓa zama kufai ba, har yau ana bauta a ciki. Hasumiyar ƙofarsa ta kai mita 50. Na cire takalmi kamar kowa, na tsaya a farfajiya ina kallo. Akwai giwa da ke karɓar kuɗi da hancinta, ta miƙa wa mai kula da ita, sannan ta dafa kan wanda ya bayar. Birai kuma ba su da kunya ko kaɗan. A gabana ɗaya ya fizge ayaba daga hannun wata tsohuwa, ita kuwa dariya kawai ta yi.

Haikalin Bittala shi ne ya fi tsayar da ni. A farfajiyarsa akwai keken doki na dutse, wanda hotonsa ke bayan takardar kuɗin Indiya ta rufi 50. Na fito da takardar daga aljihu na gwada, shi ne kuwa. Ginshiƙan zauren sirara ne, an sassaƙa su daga dutse guda, ana cewa kowanne da irin amon da yake bayarwa idan an ƙwanƙwasa. Yanzu an hana taɓawa, kuma hanin ya yi daidai, don hannayen 'yan yawon buɗe ido sun fara cinye su. A wajen haikalin dogon layin rumfunan kasuwa ne na dutse, babu rufi, babu kowa. Abdurrazaƙ, jakadan da ya zo daga Herat a 1443, ya rubuta cewa a fili ake baje lu'ulu'u da yaƙutu a kasuwannin birnin.

Wanda ya ɗauka labarin Musulmi da Hindu ne kawai bai zaga Hampi da kyau ba. Sarakunan Bijayanagara sun ɗauki Musulmi aikin soja, har da masallaci da kaburburansu a birnin, kuma bargar giwayen sarki mai ɗaki 11 da kubbobi aka rufe ta, irin ginin Dakkan. Rigimar ta mulki ce da ƙasa, kowa na ƙulla ƙawance da wanda ya ga dama.

Mai zuwa ya shirya cin ganye, don a gefen haikalin Birupaksha ba a sayar da nama. Shinkafa da miyar wake aka zuba mini a kan ganyen ayaba, yaji kamar ya fasa kai. Daga nan na tsallaka kogi zuwa tafkin Sanapur, inda na shiga wani kwalekwale mai siffar faifai da aka saƙa da gora. Matuƙin ya juya shi a tsakiyar ruwa har kaina ya fara juyawa, na roƙe shi da hannu ya mayar da ni gaɓa, yana ta dariya, ya kuma nemi ƙarin rufi 100.