Inda Na Kai da Akwatin Sanda

'Yan'uwa masu koyo, ga inda na kai a maganar akwatin sanda, wato akwatin nan mai sanda a hagu da maɓallai a dama, irin wanda ke jikin injinan wasa na tsaye a Japan. Da yawanku kun tambaye ni wanne ya kamata ku saya don buga wasa a kwamfuta. Daga damina zuwa wannan hunturun na taɓa na aro, na karanta, na kuma harhaɗa nawa, kuma abin da na tsaya a kai shi ne mutum ya zaɓi akwatin da zai iya buɗewa ya canza kayan cikinsa. Na zaga shagunan kayan waya da na kwamfuta a cikin garin Katsina, hannun gem kam ga shi nan birjik, amma maɓallin akwatin sanda ko ɗaya ban gani ba. Duk abin da ya lalace sai an yi odarsa daga waje an jira. Idan akwatinka irin wanda aka liƙe ne, ranar da maɓalli ɗaya ya mutu ka yi asarar kuɗinka gaba ɗaya.

Kafin maganar saye, ka fara tambayar kanka wane wasa kake bugawa. Idan ƙwallo ce, kada ka ɓata kuɗinka. Sandar nan fuska takwas kawai ta sani, sama da ƙasa da gaba da baya da kusurwoyi huɗu, ba ta san a taɓa ta kaɗan ɗan wasa ya yi tafiya a hankali ba. An yi ta ne don wasannin faɗa da tsofaffin wasannin injin tsaye. Street Fighter II, wanda Capcom ya fitar a 1991, maɓallai shida yake amfani da su, naushi uku a sama, shuri uku a ƙasa, kuma har Street Fighter 6 na 2023 tsarin yana nan. Tekken kuwa maɓallai huɗu yake buƙata, kowane maɓalli na hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya. The King of Fighters shi ma huɗu. Don haka akwati mai maɓallai takwas ya ishe ka duka. Mai buga Mortal Kombat kuwa kada ya yi gaggawa, domin wasan yana da maɓallin kare kai na daban, kuma yawancin gwanayensa da hannun gem suke bugawa.

Kada kuma wani ya ɗauka akwatin ne zai mayar da shi gwani. Arslan Ash, ɗan Fakistan daga Lahore, da sanda ya ci gasar Evo ta Japan da ta Amurka a Tekken 7 duk a shekarar 2019. MenaRD kuma, ɗan Jamhuriyar Dominika, da hannun gem ya ɗauki kofin Capcom na Street Fighter har sau biyu. Ni dalilina na komawa sanda shi ne babban yatsana yana ciwo idan na daɗe a kan hannun gem, sannan ina jin daɗin yadda kowane yatsa yake da maɓallinsa.

Sandar kanta ita ce zuciyar abin, kuma a nan na fi daɗewa. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce JLF ta kamfanin Sanwa na Japan. Idan ka kifa ta za ka ga ƙananan makunnai huɗu sun kewaye ƙarfen tsakiya, ga sifirin da ke mayar da ita tsakiya idan ka saki, sannan a can ƙasa akwai wani faranti na roba mai rami wanda ke iyakance inda sandar za ta kai. Ramin da take zuwa da shi murabba'i ne, mai kusurwa huɗu. Sabon shiga yakan ji kamar sandar tana maƙalewa a kusurwa idan ya zo zagayawa, sai ya yi sauri ya nemi faranti mai kusurwa takwas. Akwai shi, kuma canza shi ba ya buƙatar komai sai danna 'yan haƙoran da suka riƙe shi. Amma shawarata ka ba murabba'in lokaci tukuna.

Ga dalili. Masu wasannin faɗa suna rubuta motsi da lambobin gefen dama na kibod: 2 ƙasa, 6 gaba, 3 kusurwar da ke tsakaninsu, 4 baya, 1 kusurwar ƙasa da baya, 5 tsakiya. A Street Fighter, dukan Ryu da ake kira Hadoken 236 ne da naushi, Shoryuken kuma 623. A kan murabba'i kusurwar nan ta 3 tana da faɗi, hannunka yana jin ta sarai, kuma zaman karewa a ƙasa, wato 1, wuri ne da sanda ke kwanciya daram ba ta zamewa. Abin da ya buɗe mini hanya shi ne gane cewa makunnin yana kamawa tun kafin sanda ta kai bangon ramin. Ba sai ka goga ta a bango ba. Ka kashe sautin wasan, ka tura sandar a hankali ka saurari ƙas ɗin farko, nan ne wasan ya riga ya karɓi umarni. A kusurwa ƙas biyu za ka ji. Kamar sakin kulochin babur ne, akwai daidai wurin da yake kamawa, in hannu ya san wurin shi ke nan. Na shiga filin atisaye na wasan, na kunna nuna abin da ake dannawa a gefen allo, na dinga yin 236 a hankali ina duba ko lambobin uku sun fito tsaf ba tare da ƙarin wata ba. Yanzu 236 ta zauna mini sosai, 623 ma tana fita mafi yawan lokuta idan ina ɓangaren hagu.

Riƙon ma sai ka nema wa kanka. Kan JLF ƙwallo ne zagayayye. Wasu suna sa ƙarfen tsakanin yatsan tsakiya da na zobe, tafin hannu yana kallon sama kaɗan. Ni na fi samun daidai idan gefen hannuna ya kwanta a kan akwatin, babban yatsa da manuni da na tsakiya suna juya ƙwallon. Wuyan hannu da yatsu ke aiki, kafaɗa ba ruwanta.

Akwai wasu sandunan. LS-32 ta Seimitsu ta fi tauri kuma tafiyarta ta fi gajarta, masu wasannin harbin jirage suna sonta. Na Koriya kuwa, irin na Crown, roba ce mai kauri ke mayar da su tsakiya maimakon sifirin, kansu dogo ne kamar kulki, kuma 'yan Tekken da yawa sun fi son su saboda saurin komawa tsakiya yana taimakawa wajen ja da baya a jere. In Tekken ne kaɗai wasanka, ka tuna da wannan tun wajen zaɓen akwati, don ba kowane akwati ne ke da wurin ɗaura su ba.

Maɓallai ba su da dogon bayani. Na wasa faɗinsu milimita 30 ne, na farawa da sauran ƙanana 24. Na Sanwa taushi gare su ƙwarai, ko jingina yatsa ka yi sai su danna, na Seimitsu kuwa sai ka ɗan matsa. Abin dubawa shi ne ko wayoyinsu na zarewa ne. Idan da dalma aka liƙe su a fanel ɗaya, wato farantin lantarki na cikin akwatin, canza guda ɗaya zai zama aiki.

Fanel ɗin ciki mai kai wa kwamfuta abin da ka danna shi ne abin da masu sayarwa ba sa yawan ambata, alhali a kwamfuta shi ke raba gardama. Windows tana gane hannun gem ta hanya biyu: XInput, wadda ita ce ta hannun Xbox, da kuma tsohuwar DirectInput. Sababbin wasanni XInput suke nema kai tsaye. Akwatin da na fara ara mai arha ne, DirectInput kaɗai ya iya, sai da na bi ta saitin hannun gem na Steam, manhajar saye da buga wasanni a kwamfuta, kafin wani wasan ya gan shi, wani wasan kuma maɓallan suka fito a hargitse. Saboda haka ka tabbata an rubuta XInput a bayanin kayan. Duk akwatin da ya shigo hannunka, ka jona shi, ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta joy.cpl, ka gwada kowane maɓalli da kowace kusurwa kafin ka biya, musamman in na hannu ne. Wasannin faɗa hoto 60 suke nunawa a daƙiƙa ɗaya, kuma akwai haɗin duka da kuskuren hoto ɗaya ke wargazawa, shi ya sa na fi natsuwa da kebul a kan mara waya. Ga kuma rashin damuwar caji a ranar da aka wuni ba wuta.

Mai son na kanti yana da zaɓi. F300 da F500 na Mayflash suna buɗuwa kuma suna karɓar kayan Sanwa, waɗanda aka rubuta wa Elite ma da kayan Sanwa suke zuwa. Qanba yana da ƙaramin Drone da babban Obsidian. Hori yana sa sandarsa da ake kira Hayabusa. 8BitDo yana da wanda ke aiki a kwamfuta da Switch. Ka lissafa kuɗin kawowa tun farko, domin akwati abu ne mai nauyi, kuma nauyin nan ana so: mara nauyi yana yawo a cinya daidai lokacin da faɗa ya yi zafi.

Wannan lissafin ne ya sa na yanke shawarar yin odar kayan ciki kawai, su da ba su da nauyi, in yi akwatin a gida. Fanel ɗina Raspberry Pi Pico ne, ɗan ƙaramin abu da ya fito a 2021 a kan dala 4, na sa masa manhajar GP2040-CE wadda kyauta ce. Sawa ba wuya: ka riƙe maɓallin BOOTSEL da ke jikin fanel ɗin, ka jona shi da kwamfuta, zai fito kamar filash, ka jefa fayil ɗin a ciki. Yana yin XInput, kuma idan ka riƙe maɓallin farawa lokacin jonawa, ka buɗe 192.168.7.1 a burauza, za ka iya sauya aikin kowace waya. Wannan ya yi mini amfani, domin yadda na ɗaura sandar, sama ta koma gefe, sai na gyara a saiti ba tare da kwance komai ba. Liƙa wayoyin da dalma wani abokina mai gyaran waya ne ya yi mini, hannunsa ya saba da abin da ya fi wannan ƙanƙanta. Abu ɗaya ga mai niyyar ɗaukar akwatinsa zuwa gidan gem: PS4 yana yanke hannun da bai tantance ba bayan minti 8, PS5 ma yana da nasa sharaɗin, don haka sai an ƙara wata na'ura. A kwamfuta babu wannan matsalar.

Akwatin wani dattijon kafinta ne a wajen Ƙofar Marusa ya yi shi. Na kai masa zanen ramuka irin na injin Vewlix na kamfanin Taito, wanda na buga a takarda daidai girmansa. Ya juya maɓalli ɗaya a hannu, ya dubi filawud ɗin, ya ce, "Samari, wuyan wannan abin gajere ne, katakon nan ya fi ƙarfinsa." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Ya ce a rage kaurin katakon ta ciki a kewayen kowane rami. Gaskiyarsa kuwa. Maɓallan da ake dannawa su kama da haƙora, OBSF-30, don siririn faranti na ƙarfe aka yi su. Masu zare da noti, OBSN-30, su suka fi dacewa da katako, kuma su na saya, amma duk da haka sai da aka rage. Wurin sandar ma ya fafe shi ta ciki don ƙarfen ya fito da tsayin da ya kamata. Murfin ƙasa da sukurori aka ɗaure shi, ba gam, muka liƙa masa guntun roba don kada ya zame.

Hunturun nan ya koya mini kula da ƙura. Baƙin faifan nan da ke kwance a gindin sanda ba ado ba ne, shi ke rufe ramin. Kada ka cire shi, kuma ka lulluɓe akwatin da zane idan ka gama. In sanda ta fara ƙara ko kaushi, man silikon ake shafa wa mazauninta, ba man inji ba, don kada robar ta lalace. Sannan ƙas-ƙas ɗin yana tafiya nesa cikin dare, kuma sau da yawa cikin dare ake kawo wuta. Tawul a ƙarƙashin akwatin yana rage ƙarar, akwai kuma maɓallai marasa ƙara ga wanda ɗakinsa ke kusa da na iyaye.

Waɗanda suka fara koyo a kibod ɗin laftof su duba akwati mara sanda, irin wanda Hit Box ya yaɗa, inda maɓallai huɗu ke maye gurbin sandar. Yatsunku sun riga sun saba da wannan, kuma siriri ne, kawo shi ya fi sauƙi. Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauki Tekken 8 ba kuma, Fightcade yana ba da damar buga tsofaffi irin su Street Fighter III: 3rd Strike da The King of Fighters '98 da mutane ta intanet, kuma a kan irin wannan sandar aka gina su tun asali.

Abin da ke gabana yanzu shi ne ɓangaren dama. Idan abokin faɗa ya tsallake ni na koma dama, gaba ta zama hagu, sai 623 ta koma 421 a hannu, kuma a nan hannuna yana tsallake kusurwar 1 sau da yawa. Kowane zama da ɓangaren dama nake farawa kafin in je hagu. Na kuma sa faranti mai kusurwa takwas a cikin odar gaba tare da maɓallai biyu na ajiya, don wanda ya zo gwada nawa ya ji bambancin ramukan biyu da hannunsa kafin ya kashe kuɗinsa.