Ƙofa, Lungu da Wurin Sallaya

Ina shekara ta biyu da fara koyon kafinta a Sokoban da ke Kumasi a Ghana, inda aka mayar da masu aikin katako daga unguwar Anloga, masta ya sakar mini aikin farko ni kaɗai: wadrob ɗin amarya da za a kai Aboabo. Na je na auna ɗakin, ƙafa 12 a tsawo, 10 a faɗi. Na zaɓi odum, don katako ne mai ƙarfi da gara ba ta cika yi masa illa ba, na haɗa shi ɗungurungum da gam da ƙusa.

Ranar kai kaya aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta sauke mu a bakin gida. Muka ratsa tsakar gida lafiya, sai ga ƙofar ɗakin tana fuskantar bango, tsakaninsu bai kai ƙafa 4 ba. Babu wurin juya shi. Dangin amarya na tsaye suna kallo na ɓalle aikin sati uku da guduma, kuma tabon bai ɓace a jikin katakon ba. Masta bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ɗaki ka auna, ba ka auna hanyar ɗaki ba."

Tun daga nan kayana na noti ne, a kwance a ɗaure. Wannan ya fi dacewa da ɗan haya ma, tunda masu gida kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ko da yake dokar haya ta 1963 ta tsaya a wata shida. Wa'adi na cika mutum zai iya tashi, bai kamata kayansa su karye a hanya ba.

Abin da ya fi zama mini a rai kuwa, wata Hajiya ce a Asawase ta koya mini. Ina zana mata inda gado da kabad za su zauna, ta dube ni ta ce, "To yarona, a ina zan yi salla?" Na rasa amsa. Na cike ɗakin da katako, na manta mutane ne za su zauna a ciki. Ɗaki ɗaya a zango shi ne wurin kwana, wurin cin tuwo, wurin karɓar baƙi, da dare kuma a shimfiɗa wa yara tabarma. Yanzu kafin na ciro tef, sai na tambayi alƙibla, na sa a shimfiɗa sallaya, na bar wannan filin. Abin da ya rage shi nake rabawa.

Sauran dabarun ba su da wuya. Durowa a ƙarƙashin gado, ƙofar wadrob mai zamewa gefe maimakon mai buɗowa, kabad ɗin kwanukan amarya ya yi sama har kusa da silin kada ya bazu a ƙasa. Nakan bar inci biyu tsakanin kaya da bango, domin daminar Kumasi sau biyu take zuwa a shekara, danshi kuma yana kumbura filawud. Katakon da ake kira wawa ba shi da nauyi kuma ya fi odum araha, amma sai an shafa masa magani saboda ƙwari.

Har yanzu akwai masu zuwa da hoton babbar kujera a waya, su ce irinta suke so. Ba na musu da su a shago. Nakan ce mu je ɗakin tare, na zana girmanta a ƙasa da alli, na ce su gwada wucewa.