Sakin da ya zo ta waya daga bakin daga

Makon jiya na raka ƙanwata kotun shari'a a nan Bauchi, bayan mijinta, soja da ke aiki a Borno, ya sake ta ta waya. Bai musa sakin ba, amma zancen ciyar da yara ya tsaya, domin ba zai iya halartar zama ba sai kwamandansa ya ba shi izini. Abin da ya fi damuna shi ne ɗakin bariki, wanda da sunansa aka bayar, alhali shari'a ta ce mace ta yi idda a gidan mijinta. Har yau kuma sunanta ne a takardarsa ta magaji, wato takardar aikin soja da ke nuna wanda za a nema idan ya rasu, kodayake bayan idda 'ya'yansu uku ne ke da gādo, ba ita ba.